Goggo Mai Jinya a Ƙofar Gobe-da-Nisa

A danginmu idan aka kwantar da wani a asibiti, ba a tambayar wa zai zauna da shi. Abin da ake tambaya shi ne, "An gaya wa Goggo?"

Goggo yayar mahaifina ce. Ita ce babba a ɗakinsu, shi ne ƙarami, kuma har ya yi furfura a gemu ba ta daina kiransa Auta ba. Mijinta ya rasu tun ban yi wayo ba, bayan doguwar cutar da ita kaɗai ta yi jinyarsa. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ba a daɗe da rasuwar ba wata tsohuwa a dangi ta faɗi ta karye a ƙugu, aka ce ai hannun Goggo ya saba, ta je ta zauna da ita. Daga nan kuma shi ke nan. Mai haihuwa, mai karaya, yaron da aka yi wa aiki, dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, duk ta hannunta suka bi.

Tana da wata jaka shuɗiya da zik ɗinta ya mutu, take ɗaure ta da igiya. Kullum tana rataye a bayan ƙofar ɗakinta, a shirye. A ciki akwai fulas, mafici, man shafawa, cokali mai doguwar mariƙa, da tawul biyu, na fuska da na sauran jiki, waɗanda ba ta taɓa yarda sun haɗu ba. A gindin jakar akwai tabarmar roba a naɗe da ƙaramin bokiti. In aka buga mata waya, kafin mai kiran ya gama bayani ta riga ta sa takalmi.

Ta iya juya mara lafiya ba tare da ya farka ba. Ta san inda gyambon kwanciya yake fara fitowa, tana shafa wurin da mai tun fata ba ta yi ja ba. Ta san yadda ake sa mutumin da ya rantse ba zai ci komai ba ya shanye kofin romo, yana sha yana mita. Ba ta taɓa faɗa da nas ba. Takan ce, "Wanda allura take hannunsa ba abokin rigima ba ne."

Amma abin da ya sa kowa yake son jinyarta ba hannunta ba ne, bakinta ne. Goggo ta ga manyan mutane suna kuka suna kiran uwarsu. Ta ji abin da zazzaɓi yake fitarwa daga bakin magidanta. Ta wanke mutanen da ake rusuna musu a hanya. Ko ɗaya bai taɓa fita daga bakinta ba. Matan dangi sun yi ta gwada ta.

"Goggo, wai da gaske ne da zazzaɓin ya yi zafi ya riƙa kiran sunan wata?"

"Ni dai ruwa na ji yana kira," in ji ta. "Na ba shi."

Ta taɓa gaya mini cewa mara lafiya kamar gida ne da bangonsa ya faɗi. Wanda aka kira ya taya tsaro ba ya fita yana ba da labarin abin da ke cikin ɗaki. Wannan ita ce dokarta, kuma a kanta ta tsufa.

Mahaifina kafinta ne. Shagonsa yana ƙarshen layinmu, inda ƙarar injin yanka katako take hana maƙwabta barcin rana. Ƙurar katako ta daɗe da shiga ƙirjinsa, ya yi shekaru yana fama da asma. Akwai wasu ƙananan ƙwayoyi farare da yake saya a kemis, waɗanda in ya haɗiya sai ƙirjin ya buɗe ya koma aiki kamar ba shi ba. Ya sha su har fuskarsa ta yi zagaye, muna yi masa tsiya wai hutu ya karɓe shi. Da aka auna shi aka ga suga ya shiga jininsa, likita ya ce ƙwayoyin nan ne, ya rubuta masa yadda zai janye su sannu a hankali, ya ba shi maganin fesawa a baki. Umma ta tattara sauran ta zubar. Baba ya zaunar da mu a tsakar gida ya rantse ya bar su har abada. Mun yarda, don ba mu taɓa jin ya rantse a kan abu ya saɓa ba.

Ciwon da ya kayar da shi ya fara ne da tari da zazzaɓi. Umma ta ce a je asibiti, ya ce akwai kujerun wata makaranta da ya yi alƙawari, in ya gama zai je. Bai gama ba. Yaran shago ne suka kawo shi gida a riƙe, leɓɓansa sun yi duhu, yana magana ba kan gado. A ɗakin karɓar gaggawa aka ce ciwon huhu ne, kuma ƙwayar cutar ta shiga jini. Kafin la'asar an tura gadonsa zuwa wani sashe a ƙarshen baranda, inda ake kwantar da waɗanda ciwonsu ya yi tsanani. Mutane suna ce masa gobe-da-nisa. Goggo ta tsani sunan. Ta ce wanda ya raɗa shi bai taɓa zama a bakin ƙofar ba.

Ta iso da jakarta da bokitinta, ta nufi ƙofar kai tsaye kamar yadda ta saba nufar kowace ƙofa. Ƙofar gilashi ce mai hazo, ba a ganin komai ta cikinta sai inuwar mutane. Wata nas doguwa, wadda kowa yake kira Sista, ta tare ta.

"Mama, ba a shiga da kaya. Ba a ma zama a ciki."

"Ni ce mai jinya."

"Nan mu ne masu jinya."

"To wa zai juya shi?"

"Mu."

"Ruwa fa? Ba ya son mai sanyi."

"Ba ya shan komai ta baki yanzu. Inji ne yake taya shi numfashi."

Goggo ta dubi Sista, ta dubi jakar, ta sake duban ƙofar. Sista ta ce za a riƙa barin mutum ɗaya ya shiga na ɗan lokaci da rana, ya wanke hannu, ya sa riga da takunkumi. Ta nuna mana wani dogon benci na ƙarfe a jikin bango. Goggo ta zauna, ta ɗora jakar a cinya, ta riƙe ta da hannu biyu kamar mai jiran mota.

Can sai likita ya fito. Mutum ne mai sanƙo, sanye da takalmin roba, idanunsa sun nuna gajiya. Ya tsaya a baranda ya tambayi iyalin kafinta. Muka taso: ni, Umma, Goggo, da 'yan uwa da maƙwabtan da suka biyo mu, har da yaran shago. Ya tambayi shekarun Baba, ya tambayi ko yana shan taba, ya tambayi tun yaushe tarin ya fara. Sannan ya ce, "Ban da maganin suga da na fesawa, akwai wani magani da yake sha? Na kemis, na gargajiya, ko wane iri?"

Umma ta ce, "Babu. Da yana shan wasu, amma ya bari da daɗewa."

Likita ya dube ni, na ce haka ne. Ya dubi Goggo. Tana kallon yatsun ƙafarta.

Kwanakin da suka biyo baya a bencin nan muka yi su. Barandar tana warin maganin wanke ƙasa. In aka buɗe ƙofar sai sanyi ya fito tare da ƙarar na'urori, kowace da irin kukanta, sannan ƙofar ta rufe a koma shiru. Da yake an hana Goggo mara lafiyarta, sai ta koma jinyar masu zaman benci. Ta san wanda bai karya ba. Ta san wadda ƙafarta ta kumbura saboda zama. Fulas ɗinta yana zagayawa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, in ya ƙare ta aike ni neman ruwan zafi.

Kusa da mu akwai wani direban tasi da matarsa. Ɗansu saurayi ne, ɗan ƙwallo, bai taɓa ciwon da ya wuce mura ba, babur ya buge shi. Kowa a bencin yana cewa yaron zai tashi, ai jini ne sabo. A can gefe kuma akwai 'ya'yan wata tsohuwa mai suga da hawan jini da ciwon zuciya, waɗanda har sun fara kiran dangi na nesa. Wata safiya aka turo tsohuwar zuwa ɗakin sauran marasa lafiya, tana faɗa wai an ɓatar mata da ɗankwali. Da rana aka kira direban ciki, aka gaya masa yaron ya cika. Goggo ce ta riƙe matarsa, ta kwantar da kanta a cinyarta, tana yi mata fifita har dangi suka zo.

Bayan sun tafi na tambayi likita yadda haka ta faru. Bai ji haushin tambayar ba. Ya ce akwai abubuwan da suke dubawa: shekaru, cututtukan da mutum ya zo da su, yawan sassan jikin da suka gaza, da kuma ko an kawo shi da wuri. Waɗannan suna nuna inda sikeli ya fi rinjaya idan aka tara mutane da yawa, amma ba sa gaya masa abin da zai sami mutum ɗaya.

"Babanka ya zo da nauyi," in ji shi. "Ga shekaru, ga suga, ga huhun da ya sha ƙura, ga jinkiri. Duk wannan na sani, ina aiki da su. Abin da bai zauna mini ba shi ne jininsa. Ya faɗi ƙasa ya ƙi tashi. Mun ba shi ruwa, mun sa masa maganin da yake ɗaga jini, muna ta ƙarawa, kamar ana zuba ruwa a kwando. In ya ci gaba a haka ƙodarsa za ta tsaya. Fitsarin ma ya fara raguwa."

Goggo tana jinsa. Ta ce, "To Allah ya ba ku sa'a, ɗana." Ta koma ta zauna.

Tun da muka zo, Umma ce take shiga idan lokacin dubiya ya yi. Ranar nan ta ce ba za ta iya ba, Yaya ta shiga. Haka take kiran Goggo. Ita kuma Goggo har yau Amarya take ce mata, ko da yake ni ne ɗanta na uku kuma gemu ya fito mini.

Goggo ta miƙa mini jakar, karo na farko da ta sake ta. Aka ɗaura mata koriyar riga a kan zanenta, aka sa mata takunkumi, ta shiga. Ba ta daɗe ba ta fito. Ta cire rigar ta naɗe ta da kyau duk da an ce a kwandon wanki za a jefa. Umma ta tafi alwala. Goggo ta zauna kusa da ni.

"An juya shi," in ji ta. "Na duba bayansa da duga-dugansa. Yaran nan sun iya aiki."

Na ce alhamdu lillahi.

"Na riƙe hannunsa. Fatar kamar ɓawon albasa. Duk inda aka liƙa filasta ya yi baƙi. Sista ta tsaya a kaina ta ce, Mama, irin wannan fatar mun fi ganinta a jikin masu shan wasu ƙananan ƙwayoyi na ƙirji ko na ciwon gaɓoɓi shekara da shekaru. Ta ce in kin san wani abu ki faɗa mini, daga ni sai likita."

"Me kika ce mata?"

"Na ce mata sannu da aiki."

Ta karɓi jakarta, ta kwance igiyar, ta sake ɗaurewa. Ban matsa mata ba. Na san Goggo, in aka ja ta tsinkewa take yi.

"Ka tuna lokacin da aka yi masa aikin ƙaba?" ta ce. "Ni na zauna da shi. Wata safiya na dawo daga wanke kofi na tarar yana haɗiyar abu ba ruwa. Na buɗe hannunsa kamar yadda nake yi masa yana yaro. Su ne. Ya ce, Yaya, ki rufa mini asiri. Wai na fesawar in ya fito da shi a shago, yara suna kallonsa, masu kawo aiki suna ce masa sannu, kamar wanda ya gama yayi. Wannan kuwa ya jefa a baki ba wanda ya gani, ya ja zarto har yamma. Ya ce ya rantse a gaban iyalinsa, in suka ji, da wane ido zai dube su. Na ce na ji, na rufe."

Na ce, "Goggo, ai shekara nawa ke nan."

"Na san lissafi, Dogo." Haka take kirana. "Da likita ya yi tambaya ran nan, a tsakiyar baranda ya yi ta, ga matar Auta, ga ɗansa, ga yaran shagonsa da suke rusuna masa. Mutum yana kwance ba ya iya kare kansa. Na ce a raina, ai yanzu ko yana so ba zai sha ba, an raba shi da su, faɗar me za ta ƙara in ba tonon asiri ba? Har daɗi na ji, na ce asibitin nan za ta yaye shi."

Ta dubi ƙofar gilashin.

"Amma yarinyar nan ba don gulma ta tambaye ni ba. Na san idon mai gulma. Nata idon mai neman abin da ya ɓata ne." Ta numfasa. "Je ka shago, na san inda yake ɓoye su. A kan katakon da yake jera gwangwanayen ƙusa, na ƙarshe daga hagu, mai murfi ja. Ka zubar da ƙusoshin sama."

Shagon yana rufe tun ranar da Baba ya faɗi. Na buɗe, ƙura ta tashi a cikin hasken da ya shigo. Kujerun makarantar suna jere, wasu ba a sa musu abin jingina ba. Fensirinsa yana kan teburin aiki kusa da guduma, inda ya ajiye shi zai dawo. Na sauko da gwangwanin. A ƙarƙashin ƙananan ƙusoshi akwai katunan magani masu ƙyalli, an ɗaure su da roba, wasu cike wasu an cinye rabi. Na tsaya riƙe da su. Ban ji haushinsa ba. Na tuna yadda yake fita bayan shago wai zai duba katako, ya dawo yana goge baki.

Da na koma asibiti na miƙa wa Goggo a cikin leda. Na ɗauka za ta faki idon Umma ta ba Sista. Ba ta yi haka ba. Ta ce abin da za a yi a bayan matar mutum ba shi da albarka. Ta matsa kusa da Umma a kan bencin.

"Amarya, zan gaya miki magana, in kin ga dama ki daina gaishe ni daga yau."

Ta buɗe ledar a cinyarta. Umma ta duba. Na zuba ido ina jiran kuka ko faɗa. Sai kawai ta sa hannu ta rufe bakinta.

"Ke ma kin sani, Yaya?"

Goggo ta juyo gaba ɗaya. "Ni ma? Da wa?"

"Ni nake wanke masa kaya," in ji Umma. "Ɓawon maganin nan nake tsinta a aljihunsa, in jefa a shara kafin yara su gani. Ban taɓa nuna masa na sani ba. Mutum ya rantse a gaban 'ya'yansa, in zo in kunyata shi? Ran nan kuma likita ya tambaya, ga ki a tsaye. Na ce in na faɗa, Yaya za ta ce na zauna ina kallo ƙanenta yana kashe kansa."

"Ni kuma na ce in na faɗa, Amarya za ta ce dangin miji sun haɗa baki da shi."

Suka dubi juna. Umma ta fara wata irin dariya da ta koma kuka, Goggo ta jawo tawul ɗin fuska daga jaka ta miƙa mata.

"Mun rufa masa asiri har mun kusa rufe shi da ƙasa," in ji Goggo. "Tashi mu je."

Sista ta kira likita. Wannan karon ya shigar da mu wani ɗan ofis mai kujeru uku, ni na tsaya a jikin ƙofa. Ya juya katin maganin ya karanta bayansa. Ya tambayi tun yaushe, ya tambayi nawa a rana. Goggo ta faɗi abin da ta gani, Umma ta faɗi yawan ɓawon da take tsinta, tsakaninsu aka haɗa amsar.

Ya yi mana bayani a hankali. Ya ce jikin mutum yana yin irin wannan maganin da kansa, a wasu 'yan ƙananan sassa da suke saman ƙoda, kuma shi yake riƙe jini kada ya faɗi idan babbar cuta ta zo. Wanda ya daɗe yana haɗiyar na kemis, nasa na jiki sai ya kwanta barci. In aka yanke ƙwayar rana ɗaya, ga kuma cuta ta taso, sai jiki ya nemi abin riƙewa ya rasa.

"Wato rabuwar da aka yi da su ita ce matsalar," in ji Goggo.

"Tana cikin matsalar. Zuciyata ta ba ni, shi ya sa na sa Sista ta sake tambaya, kuma da safen nan na fara ba shi irinsa ta jijiya a kan zato. Yanzu zan ba shi da yaƙini, kuma na san ba abin da za a tsayar gobe ba ne."

Ya miƙe zai fita. Goggo ta ce, "Ɗana, da mun faɗa tun ranar farko fa?"

Ya tsaya da hannunsa a kan ƙofa. "Da na fara tun ranar farko. Abin da zai biyo bayan haka ban sani ba, Mama. Ba zan ce miki da babu bambanci ba, ba kuma zan ce miki ku kuka jawo ba. Ciwon da ya zo da shi babba ne ko babu wannan."

Jinin Baba ya fara tashi. Aka riƙa rage maganin da yake ɗaga shi har aka cire. Amma ƙodar ta riga ta sha wuya, sai da aka yi ta yi masa wankin ƙoda kafin ta farfaɗo, kuma ba ta dawo kamar da ba. Likita ya ce zai rayu da ita in ya kiyaye, amma shago da ƙurarsa sai dai yara su ci gaba. Da aka cire masa bututun numfashi bai gane Umma ba da farko, ya riƙa tambayar wa ya bar injin yanka katako a kunne. Mutumin da yake ɗaukar ƙofa shi kaɗai ya fito daga ɗakin nan ba ya iya ɗaga kofi.

Goggo ba ta sake tambayar kowa "da mun faɗa" ba, amma na lura duk lokacin da aka fito da jakar fitsarinsa za a auna, idonta yana kanta.

Ranar da aka mayar da shi ɗakin sauran marasa lafiya, Goggo ta riga gadon isa. Ta shimfiɗa tabarmarta a ƙasa, ta ajiye bokiti a ƙarƙashin gado, ta rataye tawul ɗaya a kai ɗaya a ƙafa. Ta leƙa bayansa, ta shafa masa mai a duga-dugai. Tana aikin tana 'yar waƙa a ciki-ciki, abin da ban ji ta yi ba tun da muka zo.

Da hankalinsa ya dawo sosai, nas ta kawo maganin safe a ɗan kofi. A ciki har da ƙaramar farar ƙwayar, yanzu a rubuce, da ƙa'idar yadda za a riƙa rage ta. Baba ya dube ta, ya dubi Umma, ya dube ni. Sannan ya juya kansa a hankali wajen Goggo. Muryarsa ta dushe saboda bututun, sai an matsa ake ji.

"Yaya. Kin tona ni."

"Na tona," in ji ta, tana juya romo a kofi.

"Ke da ba kya faɗar maganar kowa."

"Ta kowa ban faɗa ba. Taka na faɗa. Amarya ma ta daɗe da sani, je ka tambayi aljihunka."

Ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta gefen fuskarsa zuwa kunne. Umma ta kama hannunsa, wanda har yanzu yake da tabon filasta, ta ce, "Malam, ba wanda ya tambaye ka rantsuwa. Kai ka ɗora wa kanka."

Ya daɗe bai buɗe idon ba. Can ya ce, "Kujerun makarantar nan fa?"

"Yara sun kai," na ce.

"Sun goge gefen? Yaran makaranta suna yage riga."

Goggo ta goge masa kunne da tawul ɗin fuska, ta sa hannu ɗaya a ƙeyarsa ta ɗago kansa, ta kawo cokali mai doguwar mariƙa bakinsa.

"Ka ji shi. Auta, buɗe baki."

"Ya yi zafi."

"Ban ba ka ba tukuna."

Ya buɗe.